Shirin Wata Uku Kafin Ciki Ya Shiga

Wannan ɗan littafi naki ne, ko ke amarya ce, ko kuwa kin yaye yaro kina sa ran wani. In ba ki iya karatu ba, ki sa a karanta miki. Zai fi kyau a karanta maigida yana zaune, domin akwai maganar da ta shafe shi.

Na daɗe ina aiki a ɗakin awo. Yawancin matan da ke zuwa mana daga ƙauyuka, sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar muke ganinsu, wasu ma sai yaro ya fara motsi. Ban ga laifinsu ba. Hanya da nisa, kuɗin babur da tsada, ga kuma kunya, musamman a cikin fari. Wata tsoron bakin mutane take yi, ba ta so a san tana da ciki sai ya fito da kansa. Amma ina so ki san wani abu. Ranar da kika zo mana da cikin wata huɗu, an riga an gama babban ginin jikin yaron. Mu sai dai mu kula da abin da ya rage.

Ga yadda abin yake. Kamar mako 3 bayan ciki ya shiga, zuciyar yaron takan fara bugawa, alhali shi duka bai kai ƙwayar shinkafa ba. A cikin kwana 28 na farko ake haɗa hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da laka, wato jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya. A lokacin ke kina cewa ne kawai, "Watan nan al'adata ta yi jinkiri." Kafin wata na uku ya ƙare, hannu da ƙafa da ido da kayan ciki duk sun sami siffarsu. Da abin da ke cikin jininki a kwanakin nan ake yin wannan gini: abin da kika ci, maganin da kika sha, da ciwon da ke jikinki wanda ba ki ma san da shi ba.

Haihuwa kyautar Allah ce, haka ma ruwan sama. Duk da haka manomi ba ya jira ruwa ya sauka sannan ya fara sharar gona da kai taki. Wata uku nake roƙonki ki ba jikinki kafin ki nemi ciki. Kuma macen da ta zo asibiti ba ta da ciki, ba ta da abin ɓoyewa. Wanda ya tambaye ki, ki ce duba jini kika zo, kuma gaskiya kika faɗa.

Ƙaramar ƙwaya da ake sha tun kafin ciki

Ba na mantawa da wata yarinya da ta haihu a hannuna, haihuwarta ta fari. Jaririn ya fito da ƙullutu a ƙasan bayansa, girmansa kamar lemu, fatar wurin siririya, ruwa na tsattsafowa. Ƙafafunsa ba sa motsi. Tsofaffin da suka rako ta suka ce ai ta fita ne da tsakar rana ta gamu da iska. Ita kuwa ta riƙe hannuna tana tambayata, "Malama, me na yi? Duk maganin da kuka ba ni na sha." Gaskiya ta faɗa. Ta zo awo yadda ya kamata, ta sha duk abin da muka ba ta. Amma a wata na biyar ta fara zuwa, wurin nan kuwa a mako na huɗu ya kamata ya rufe.

Akwai wani sinadari mai suna folik asid, wanda jiki ke bukata don ya rufe wannan hanya ta laka. Ana samunsa a ganyaye da wake da gyaɗa, amma dafuwa mai tsawo tana kashe yawancinsa, kuma kin san yadda muke barin miya a wuta. Shi ya sa ake ba da shi a ƙwaya. Ƙwaya ɗaya kowace rana, mai ƙarfin mikrogiram 400, tun kafin ciki ya shiga har cikin ya cika wata 3. Bayan nan za ki ci gaba da shi haɗe da maganin ƙarin jini da muke bayarwa a awo. Ba ya hana kowace irin tawaya, amma yana hana da yawa daga cikin irin wannan ta baya da ta kai. Yana cikin magunguna mafi arha a kantin maganin asibiti.

In kin taɓa haifar yaro mai irin wannan ƙullutu, ko wanda kansa bai rufe ba, ko kina shan maganin farfaɗiya, ko kina da ciwon suga, ki gaya mana. Ke ƙwaya mai ƙarfi ake ba ki, ta miligiram 5, kuma likita ne zai rubuta.

Jini

A nan zan daɗe, don a nan muka fi rasa mata.

Idan ciki ya shiga, jinin jikinki yakan ƙaru da kusan rabin abin da yake da shi. Yaro kuma yana ɗibar nasa daga naki, ba ya tambaya ko kina da shi. Ranar haihuwa kowace mace tana zubar da jini. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini, za ta zubar ta tashi ta yi wanka. Wadda ta shiga da rabin jini, zubar da ba ta fi ta waccan ba ita ce za ta kwantar da ita. Sai a ɗauko ta cikin dare, da damina, rafi ya cika, a iso mana tana numfashi sama-sama. Mu ce a kawo jini, 'yan'uwa su fara kallon juna. Na ga wannan sau da yawa, kuma kusan kullum in ka bi labarin, ƙarancin jinin ya girmi cikin.

Ki duba kanki. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi: ja ce ko ta yi fari? Tafin hannunki fa? Kina haki in kin ɗauko ruwa daga rijiya, abin da da ba kya yi? Kina jin jiri in kin miƙe, ko zuciyarki na bugawa da ƙarfi? Kina sha'awar cin farar ƙasa? Wannan sha'awa sau da yawa alama ce cewa jiki na neman sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake yin jini, amma ƙasar ba ta ba ki shi, tana ma hana hanjinki ɗaukar wanda ke cikin abinci. Awon jini ba shi da wuya. Ɗigo ɗaya ne daga ɗan yatsa. Ga macen da ba ta da ciki, in lambar ta gaza 12, jininta bai cika ba.

Abubuwan da ke shanye jinin mace a wajenmu sanannu ne: al'ada mai zuba da yawa, zazzaɓin cizon sauro mai dawowa, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa, da abincin da ba shi da komai sai tuwo ko rogo. Tsutsar da ta fi shan jini ta tafin ƙafa take shiga, a jiƙaƙƙiyar ƙasa inda mutane ke bayan gida. Ki riƙa sa takalmi in za ki gona ko bayan gari. Maganin tsutsa kuma yanzu ne lokacin shansa, don ba ma ba da shi a wata uku na farkon ciki.

Abincin da ke gina jini ba sai mai kuɗi ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, ganyen wake, kuka, wake da kansa, gyaɗa, riɗi, daddawa, duk suna bayan ɗaki ko a kasuwar ƙauye. Amma ƙarfen da ke cikin nama da kifi shi jiki ya fi saurin ɗauka. Ko ƙananan busassun kifi ne, ki daka ki zuba a miya. Ƙwai ma ki ci, kada ki kai duka kasuwa. In kin ci abinci, ki bi shi da lemu ko gwaiba ko mangwaro, ko ki dama garin 'ya'yan kuka ki sha, don tsamin nan yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Ban ce ki bar shayi ba, na san ba za ki bari ba, amma ki raba shi da abinci, ki bar kamar awa 2 a tsakani.

In mun ba ki ƙwayar ƙarin jini, bayan gidanki zai yi baƙi. Ba ciwo ba ne. In tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare bayan kin ci tuwo. Na san abin da ake faɗa a bakin rijiya, wai maganin ƙarin jini yana sa yaro ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba haka ba ne. Macen da ba ta da jini ita ce ƙarfinta ke ƙarewa a tsakiyar naƙuda.

Gishiri kuma ki sayi na leda, wanda aka rubuta yana da aidin. Rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo, kuma yana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Ki ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

Gidan sauro

A awo muna ba mata Fansidar don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, amma ba a fara shi sai ciki ya wuce wata 3. A watannin farko, lokacin da zazzaɓi mai zafi ke iya jawo ɓari, ba ki da wata kariya sai gidan sauro. Wanda aka raba muku, in yana cikin akwati ko an kewaye tumatir da shi, ki ciro shi ki rataya yau. In jikinki ya yi zafi, ki zo a gwada jini kafin ki sha komai.

Ki bar jiki ya huta

Kakanninmu sun san wannan. Mace takan tafi gidan iyayenta wanka, ta shayar da yaro shekara biyu kafin a yi maganar wani. Yanzu al'adar ta yi rauni, shi ya sa muke ganin kwanika da yawa: ɗaya a baya, ɗaya a ciki, uwar ta rame, na bayan an yaye shi ba shiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. In tiyata aka yi miki aka ciro yaro, kada ki rage ko kaɗan daga shekara biyun nan, don ɗinkin mahaifa yana bukatar ya warke sosai, kuma haihuwarki ta gaba a asibiti za ki yi ta.

Kada ki dogara ga shayarwa kaɗai. Nono yana hana ciki ne in yaron bai kai wata 6 ba, ba ya shan komai sai nono dare da rana, kuma al'adarki ba ta dawo ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce, ciki na iya shiga. Akwai hanyoyin ba da tazara iri-iri, na ƙwaya, na allura, na sawa a hannu. Ku zo ke da maigida mu yi magana, ku zaɓi wanda ya dace da ku. In kun tashi neman haihuwa, a daina.

Iyaye mata da ke sauraro, wannan taku ce. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko da ƙirjinta ya cika. Doguwar naƙuda a jiki irin wannan ita ce ke kawo yoyon fitsari, kuma sau da yawa yaron ma ba ya rayuwa. In an riga an yi auren, a taimake ta ta jinkirta cikin fari.

Ciwon da ba ya nuna kansa

Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yin shekaru da shi tana daka tana surfe ba ta sani ba, sai ciki ya tsufa ya zo mata da kumburi da jijjiga. Awonsa minti biyu ne. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma muka sake aunawa wata rana muka ga haka, sai a fara magani, ke kuma ki rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Ciwon suga ma haka yake. In suga ya yi yawa a jini a makonnin farko, yana iya taɓa zuciyar yaro da bayansa, don haka kafin ciki ake daidaita shi.

In kina shan magani kullum, na hawan jini ne, ko na farfaɗiya, ko na wani ciwo, ki kawo mana kwalin mu gani. Wasu ba su dace da ciki ba, kamar Captopril na hawan jini da Depakine na farfaɗiya, kuma akwai waɗanda za a iya musanya su da su. Amma kada ki daina da kanki. Faɗuwar farfaɗiya kusa da wuta ko a bakin rafi haɗari ne gare ki da yaron duka.

Akwai cututtuka uku da muke nema a jini, waɗanda uwa kan ba ɗanta ba ta sani ba. Na farko tunjere. Yakan fito da ɗan gyambo marar zafi ya ɓace, mutum ya ɗauka ya warke, alhali yana nan. Shi ne ke sa wata mace ta yi ta ɓari, ko ta haifi yaro ba rai, har a fara kiranta da sunaye a gari. Allurar penisilin ce maganinsa, amma sai an yi wa miji da mata, da kishiya in akwai, in ba haka ba zai dawo. Na biyu ƙanjamau, wato sida. Maganinsa kyauta ne a nan Kamaru tun shekarar 2007, kuma macen da ta fara sha tun kafin ciki, tana sha kullum ba fashi, za ta iya haifar ɗa lafiyayye ta kuma shayar da shi. Na uku ciwon hanta iri na B. In mun san kina da shi, za mu shirya a yi wa jaririn allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwarsa. Abin da muka gani a jininki tsakaninmu ne da ke.

Sai sikila. In ke AS ce, maigida ma AS ne, ku biyu lafiyarku ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya zo da SS. A kowane ciki na ce. Ba wai in kun haifi mai ciwon guda ɗaya, ukun da ke biye sun tsira ba. Ya fi kyau a yi wannan gwaji kafin a kai kayan aure, kuma ina roƙon fastoci da limamai su riƙa tambaya. In kun riga kun yi aure, sanin yana da amfani har yanzu, don za a gwada jariri da wuri a fara kula da shi kafin ciwon ya kayar da shi. A wannan zuwan za mu duba rukunin jininki mu rubuta a katinki. In negatif ne, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare 'ya'yan da za su biyo baya.

Allurar tetanos kuma, ciwon nan da ke shiga ta cibiya ya sa jariri ya sandare ya kasa kama nono, sau 5 ake yin ta kafin ta cika. Bayan ta farko, sai a jira mako 4 a yi ta biyu, wata 6 a yi ta uku, sannan shekara guda-guda a yi biyun ƙarshe. Kin ga ba za ta cika a cikin ciki ɗaya ba. Ki nemo tsohon katinki mu ga inda kika tsaya.

Maigida, ga taka

Ranka ya daɗe, rabin yaron nan daga gare ka yake. Irin da ke jikin namiji yakan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ya nuna, saboda haka wata ukun nan kai ma sun shafe ka. Taba, giya, da tramol da samari ke sha don ƙarfin noma, duk suna raunana shi. Ciwon sanyi da ba a yi masa magani sosai ba yana toshe hanyar namiji, in kuma ka ba matarka, ya toshe tata. Idan kun yi shekara guda kuna tare ba ciki, ku zo ku biyu. Kada ka tura ta ita kaɗai, kada kuma ka yi saurin cewa laifinta ne. Sau da yawa matsalar tana wajen namiji, kuma gwajin namiji ya fi sauƙi da arha.

Abu na biyu, kwanon abinci. A gidaje da yawa kai ake fara zuba wa, da tsokar nama, sai yara, ita kuma ta kankare tukunya. Ita ce za ta ɗauki ɗanka wata tara. Ka duba kwanonta da idonka. Kuma tun yanzu ka fara ware wani abu, ko akuya ɗaya ce, don awo da kuɗin mota ranar da ta ɓaci, ka kuma san 'yan'uwa biyu da za su yarda su ba da jini in an nema.

In kana noman auduga ko masara kana feshi, kada ta riƙe maka ruwan haɗa magani, kada ta wanke kayan feshin da hannunta, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a jarkar da maganin ya ƙare. Kar a ajiye shi a ɗakin kwana.

Abin da za ki ajiye tun yau

Tun da ba za ki san ranar da ciki ya shiga ba, daga ranar da kuka fara nema ki ɗauki kanki kamar mai ciki. Giya, ko bilbil ce ta gida, tana ratsawa ta kai ga yaro, kuma babu wani ɗan kaɗan da aka tabbatar ba ya cutarwa. Maganin da ake talla a kasuwa a cikin rana, ja da rawaya a ƙulle a leda, ba ki san sunansa ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ake ba mace don "wanke mara" in al'ada ta yi jinkiri, na ga waɗanda suka wanke cikin da aka shekara ana roƙo. Man shafawa na sa fari ma ki bari, wasu suna da sinadarai masu shiga jini ta fata.

In kin tashi zuwa, ki taho da tsofaffin katunanki na awo da na rigakafi, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Ki zo da safe. Za mu auna nauyinki da hawan jini, mu ɗauki jini da fitsari, mu tambaye ki labarin haihuwarki ta baya, har ɓarin da ba ki gaya wa kowa ba. Daga nan ki riƙa lura da ranar da al'adarki ke zuwa, ko da ƙulli a zare ne, ko da ranar kasuwa. In ta wuce lokacinta da mako 2, kada ki daina ƙwayar folik asid, kada ki sha wani abu sabo, ki dawo mu gwada fitsari mu buɗe miki katin awo.